Ranar da Aka Ce Za a Tsugunar da Baba

Babana mai fito ne. Tun kafin a haife ni yake ƙetarar da mutane kogi a kwalekwale, su da buhunansu da awakinsu da kekunansu, har da marasa lafiyan da ake kaiwa asibiti a ɗaya gaɓar. Dogo ne, mai faɗin tafin hannu, ba ya magana sai ta kama, in kuwa ta kama sai ya kai ta ƙarshe. A garinmu ba mai kiran sunansa. Mai Fito kawai ake cewa, har Inna ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa.

Shekarar da kogi ya ci garinmu, da hantsi ruwan ya shigo, a hankali kamar baƙo mai kunya. Kafin rana ta karkata ya kai ƙirjin babban mutum. Baba ya yi ta jigilar jama'a zuwa tudu, ya kwashi tsofaffi, ya dawo ya kwashi mata da yara, ya dawo ya bi gida gida yana ƙwala kira. Bai iya ceton kowa da kowa ba, amma shi ne na ƙarshen barin garin, tafin hannunsa duk ya saɓule.

Aka sauke mu a wata makarantar firamare da ke kan tudu. Kowane aji gidaje da yawa ne a ciki, an raba da igiya da zannuwa. A namu ajin, darasin ƙarshe na nan a jikin allo ba wanda ya goge, Inna kuma ta rataye ludayinta a ƙusar da malami ke rataye taswira. Baba bai yarda ya zauna a ciki ba. Ya jawo kwalekwalensa har gindin wata bishiya a bakin filin wasa, ya kife shi, nan yake wuni.

Ni kuwa, da yake na yi karatu a birni, ina jin yaren ma'aikatan agajin da ke kula da mu, sai suka ɗauke ni tafinta. Shugabarsu wata gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, kullum da dogon takalmin roba ko ƙasa a bushe take. Yara suka sa mata Mai Takalmin Roba, sunan ya bi ta.

Bayan watanni, aka ce ɗalibai za su koma karatu, mu kuma an gina mana gidaje a wani wuri. Aka tara jama'a a filin wasa. Shugabar ta yi magana, ta miƙo mini lasifika. Kalmar da ta faɗa a yarensu na san fassararta, don kullum ana jin ta a rediyo, ban ko tsaya tunani ba.

Na ce, "Jama'a, albishirinku. Za a sake tsugunar da ku."

Wasu suka fara tafi. Sai na hangi Baba ya miƙe daga kan kwalekwalensa.

"Tafinta," in ji shi. Bai taɓa kirana haka ba. "Maimaita, kunnena ya tsufa."

Na maimaita.

Ya ce, "Ni da na riƙe hannunki na koya miki tsayuwa, yau ke ce za ki tsugunar da ni?"

Fili ya ɗauki dariya. Baba bai yi ba.

"Kuma na ji kin ce sake. Ashe an taɓa tsugunar da mu ba mu da labari?"

Maƙerin garinmu, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce daga baya, "Ai gaskiyar yarinya ne, Mai Fito. Watanni muna zama a kujerun 'yan aji ɗaya, gwiwa a haɓa. In wannan ba tsuguno ba ne, mene ne?"

Aka sake fashewa. Baba ya jira dariyar ta lafa, ya ce, "Ni dai ba inda za ni." Ya koma ya zauna.

Shi ke nan taro ya lalace. Mutanen da ya ɗauko a kan rufin ɗakunansu ba za su shiga mota su bar shi ba. Wata tsohuwa ta faɗa da ƙarfi cewa in Mai Fito bai taka ba, ita ma ƙafarta ciwo take.

A ofishin hedimasta, inda ma'aikatan suka mayar nasu, shugabar ta rufe ƙofa ta tambaye ni me na faɗa wa mutane. Na ce abin da ta faɗa na faɗa. Ta ce to me ya kawo dariya? Na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na tattara zanena na tsuguna a gabanta. Na ce wannan shi ne tsuguno. In mutum ya yi da kansa, ya tsuguna. In wani ya sa shi, an tsugunar da shi. Wurin da ya yi kuma matsuguni, kuma da wannan kalmar muke kiran inda mutum ya kafa gidansa.

Ta fara dariya, sai ta tsaya. Ta ce, "Wato na tara dattawa na ce zan sa su yi haka?"

Na ce ba haka kowa ke ji ba, an saba da kalmar, ko a labarai ita ake faɗa.

"Mahaifinki haka ya ji," in ji ta. "Ba ku da wata?"

Na ce zan nemo.

Na sami Inna a bayan aji tana wanke kwanoni. Na zauna kusa da ita ina ɗauraya, ina gwada mata kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, in na ce za a mayar da ku fa?"

"Mayar da mu ina? Ƙarƙashin ruwa?"

"To za a kwashe ku."

"Mu shara ne?"

"Za a sauya muku wuri."

"Akuya ake sauya wa turke."

"Za a zaunar da ku."

Ta ajiye soso ta dube ni. "Jariri ake zaunarwa, a tokare shi da matashin kai kada ya kife. Ke dai karatun nan naki bai hana ki wauta ba." Ta ci gaba da wanki. Can ta ce, "Ni ban ga laifin matsuguni ba. Duk macen da ta isa sabon wuri, kafin ta shimfiɗa tabarma sai ta tsuguna ta haɗa murhu ta hura wuta. Daga nan gida ke farawa. Je ki sami ubanki. Ba kalmar ce ta dame shi ba, wutsiyarta ce."

Ban gane ba, amma na je. Na tarar da shi yana cusa tsumma a wata tsaga a jikin kwalekwalen, yana bi da kwalta. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, ka kunyata ni a gaban mutane."

"Na sani. Ki yi haƙuri. Ba da ke nake ba, bakinki aka ara."

"Kalma ce kawai, Baba. Haka ake faɗa ko'ina."

Ya goge hannu a gefen wandonsa. "'Yar nan, ni tsuguno bai taɓa zame mini abin kunya ba. Rabin rayuwata a tsugune na yi ta. Duk wanda ya shiga jirgina, abin da nake fara ce masa ke nan, ya yi ƙasa, don mai miƙewa tsaye shi ke kifar da jama'a. Amma ki lura, cewa nake ya tsuguna. Ban taɓa danna kafaɗar kowa ba. Shi ke duba wurin, ya ga inda ya bushe, ya lanƙwasa gwiwarsa da kansa. Ku kuwa kun ce za a tsugunar da mu. Wa zai yi? A ina? Wa ya ga wurin? Ruwa ya tashe mu bai yi shawara da mu ba, shi ba shi da kunne. Ku ma ba ku da shi?"

Ya koma kan tsagar da yake toshewa.

Ya ce, "Ki gaya wa shugabarku ina so in ga wurin da idona, in taka shi da ƙafata. In ya yi, ba sai an tsugunar da ni ba."

Dokar ofishinsu ta hana kai kowa wurin kafin ranar miƙa gidaje. Da na faɗa wa shugabar saƙon Baba, ta daɗe tana kaɗa makullin mota a yatsa. Sannan ta ce, "Dokar ba ta hana ni ɗaukar fasinja ba." Washegari da safe ita da kanta ta ja motar, Baba a gaba, ni da maƙeri a baya.

Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, nesa da kwalta. Gidajen bulo a jere, rufin kwano na ƙyalli, duk kamarsu ɗaya. Ba bishiya ko ɗaya. Baba ya sauka ya bi layi layi. Ya ƙwanƙwasa bango, ya buɗe taga ya rufe, ya leƙa bayan gida, ya ɗebi ƙasa ya murza. A bakin famfo ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska.

Ya ce in tambaye ta ina kogi.

Ta nuna wajen da muka fito, ta ce yana da nisa, da gangan aka zaɓi inda ruwa ba zai sake iso mu ba.

Baba ya tsaya yana kallon wajen da ta nuna. Ba abin da ake gani sai ciyawa da sararin sama. Na ɗauka cewa zai yi mu koma, magana ta ƙare.

Sai ya juyo ya ce, "Ginin yana da kyau. Wanda ya yi bai ci amana ba. Yara za su yi barci ba a tashe su." Ya ɗan tsaya. "Yaya za a raba?"

Ta ce da ƙuri'a.

Baba ya girgiza kai. Ya ce akwai tsohuwa makauniya da 'yar maƙwabcinta ke yi wa jagora, akwai mai ɗinki da ke ajiye yaranta a gidan da ke kallon nata, akwai maƙeri da ba mai iya jure ƙarar guduma tasa sai waɗanda suka riga suka kurumce da ita. Maƙeri ya ce a bar shi da sharrin Mai Fito.

Shugabar ta saurara har na gama fassarawa. Ta ce ita ma ba son ƙuri'ar take ba. Amma a wuraren da ta yi aiki a baya, duk lokacin da mutum ya yi rabo da hannunsa sai an ce ya yi son kai, har an taɓa fasa wa wani ma'aikacinta kai. Ƙuri'a ba ta da dangi, shi ya sa.

"In ka karɓi rabon," in ji ta, "rigimar ma taka ce. Kuma akwai mutanen wani ƙauye da za su zauna tare da ku, dole a ba su wuri a tsakiyarku, ba a gefe ba. Kai kuma sai kowa ya samu za ka ɗauki abin da ya rage."

Baba ya ce, "Ni dama ban saba fara sauka ba."

Da muka koma makaranta, ban karɓi lasifika ba. Baba ne ya tsaya a filin wasa ya ce ya ga wurin, ba kogi, ba inuwa, amma akwai rufi da ruwan sha, kuma shi zai je. Wanda ke so ya gani kafin ya yanke shawara, mota za ta kai shi. Shugabar ta yi kwanaki tana jigilar mutane, har da tsohuwar nan mai ciwon ƙafa, wadda ta dawo ta ce ƙafar ta yi sauƙi.

Kwalekwalen ne bai bi mu ba. Direban babbar mota ya ce zai yi masa wuri a sama, Baba ya ce a'a, jirgin da ya rabu da ruwa tsagewa yake. Ya aika aka kira wani masunci daga ƙasan kogi wanda ruwa ya tafi da nasa. Suka ɗaga shi tare zuwa kan amalanke. Baba ya nuna masa inda ya toshe, ya ce ya riƙa duba wurin, sannan ya juya ya shiga aji. Ranar ce kaɗai na ga ya zauna a cikin ajin, fuskarsa a bango. Inna ta hana kowa shiga.

Ranar tashi, da motoci suka sauke mu, Baba ya ce kada kowa ya shiga ko'ina tukuna. Ya ɗauki layin da ke fuskantar famfo ya ce wannan shi ne hanyar bakin kogi. Daga nan ya fara kira kamar yadda gidajen suke a tsohon gari, kowa ya je ya tsaya a bakin ƙofa da kayansa. Mai ɗinki nan, mai kallonta can. Makauniya nan, masu yi mata jagora a jikinta. Mutane suka fara ganewa, suna riga shi. "Ai ni ke bayan mai shayi!" "To matsa, nan lungunmu ne!" Ba lungu ko ɗaya a wurin, layuka ne miƙaƙƙu, amma kowa ya ga nasa.

Rigima ba ta rasa ba. Akwai wasu mata biyu da suka shekara suna faɗa ta kan katanga, kan kaza, kan kwata, kan hayaƙi. Tun a mota kowacce ta ja Baba gefe ta ce ya raba ta da waccan. Ya raba su, ɗaya a farkon layi, ɗaya a ƙarshe. Ba a jima ba sai ga ta farkon ta dawo, tabarma a ka.

"Mai Fito, can ɗin da ka kai ni mutanen ba sa magana."

"Ba zaman lafiya kika ce kina so ba?"

"Na ce ina so. Ban ce a binne ni da rai ba."

Ɗayar ta leƙo daga ƙofarta ta ce, "Kada ka dawo mini da ita!" Amma tana faɗa tana janye buhunta daga bakin gidan da ke kusa.

Inda abin ya yi nauyi shi ne gurbin waɗanda ruwa ya ci. In Baba ya iso kan gidan da ba mai tsayawa, sai layin ya yi tsit. A nan ya riƙa sa mutanen ɗaya ƙauyen. Na ji ya ce wa wani magidanci da ya tsaya a rakuɓe da matarsa da yara, "A garinmu, mai wannan wurin mutumin kirki ne. In an yi baƙo cikin ruwan sama, ƙofarsa ake bugawa. Ga maƙwabcinsa nan, ya yi rashi. Ku riƙe juna." Sai maƙwabcin ya zo ya ɗauki ƙullin kayansa ya shigar masa.

Mu muka samu gidan ƙarshe, mafi nisa da famfo. Inna ta yi mita har ta gaji, ta ce ta auri mutumin da in ana rabon inuwa zai zaɓi rana. Tana mitar tana haɗa duwatsun murhu.

Kafin shugabar ta tafi, ta zo yi mana sallama. Ta roƙe ni in bar ta ta gwada da bakinta. Ta tsaya gaban Baba, ta haɗa kalmomin da ƙyar.

"Baba, ka tsuguna?"

Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Na tsuguna, 'yata. Da gwiwata."

Na ci gaba da aikin tafinta a wasu sansanonin. Ban sami wata kalmar ba, har yau ita nake faɗa, don ita mutane suka sani. Sai dai ba na fara buɗe baki da ita. Nakan ce akwai wuri, ku zo ku gani. In sun gani sun yarda, kowace kalma aka faɗa ba ta yi musu ciwo.

Baba kuwa, watannin farko sun yi masa wuya. Ya rame, yana wuni a bakin ƙofa hannuwansa a kan gwiwa kamar kayan aro. Ana haka wata mai ciki ta fara naƙuda da rana tsaka, samari duk sun tafi neman aiki, aka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa har bakin kwalta. Akwai keke mai ƙafa uku da ofis ya bar wa unguwa saboda irin haka, yana ajiye an lulluɓe shi, ba wanda ya iya tuƙa shi cikin waɗanda ke gida. Washegari Baba ya je wajen bakaniken da ke cikin baƙin ƙauyen nan ya ce ya koya masa.

Unguwa ta samu abin kallo. Baba yana shan kwana da faɗi kamar mai kauce wa tsibiri, in zai tsaya sai ya kashe inji tun daga nesa ya bar keken ya gangara. Ya hau kan tulin yashi, ya tsorata kajin matan nan biyu har suka haɗa baki a kansa, ya faɗa kwata da bakanike a baya. Bai fasa ba. Da hannunsa ya faɗa, ba marasa lafiya kaɗai ba, har 'yan kasuwa da ɗalibai shi ke kai su bakin hanya. Ba ya tashi sai ya daidaita nauyi, mai jiki a tsakiya, kaya a ƙasa, kuma ba a yi masa motsi.

Inna ta rantse ba za ta hau ba, ta ce ta tsira daga ruwa ba za ta mutu a kwata ba. Ta yi ta tafiya kasuwa a ƙafa, yana binta a baya a hankali yana danna ƙaho, jama'a na dariya. Ranar da na zo hutu na tarar da ita zaune a bayansa, kwando a cinya, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu.

Na ce, "Inna, ina rantsuwar?"

Ta ce, "Ke rufe mini baki. Hawa na yi in ga ko ya iya. Bai iya ba. Gobe ma zan sake dubawa."